Abin Da Na Rubuta a Gefen Shafi

Ku da kuka daɗe kuna bin labarina kun san ba na ɓoye muku laifina. Wanda kuma yau ne ya fara leƙowa nan, sannu da zuwa, ga wuri. Ni ce auta a gidanmu, shekarata ashirin da shida, sana'ata gyaran tsofaffin littattafai a shagon wani dattijo da duk layin ke kira Baba Mai Gam. Wanda zan aura shi ne mai koyar da mawaƙan cocinmu, ni dai Mai Waƙa nake ce masa. Ranar Lahadin da ta wuce ya kamata a karanta sanarwar aurenmu ta farko a gaban jama'a. Abin da ya faru kafin Lahadin nan zan ba ku, kuma tun yanzu ina faɗa muku da hannuna na jawo shi.

Ƙauna ce ta sa ni rawar kai. Littafi Mai Tsarki na Mai Waƙa da nawa bugu ɗaya ne, girma ɗaya, duk bangonsu ya gaji. Sai na ce bari in yi mana kyautar da kuɗi ba ya saye. Na karɓi nasa, na kwance su duka biyun, na sake ɗinke su da farin zare, na yi musu sabon bango na baƙar fata da jan zaren alama. Sunaye na bari sai bayan aure, don in buga su da ruwan zinariya. Dokar shagonmu ita ce kowane littafi a saƙala masa 'yar takarda mai sunan mai shi. Ni kuwa na ce haba, nawa da na mijin da zan aura ne za su ɓace mini? Ban saƙala komai ba.

Ranar Talata da yamma yana waje a kan babur yana ta danna hon, wai zai makara gwajin waƙa. Na zaro ɗaya daga ƙarƙashin ƙarfen matsi, na naɗe a takarda, na miƙa masa da murmushi har kunne. Ɗayan na bar shi a matse don gam ya gama bushewa.

Alhamis da safe ina cikin zura zare a allura wayata ta yi ƙara. Mama ce ta turo hotuna har bakwai, babu gaisuwa, sai layi ɗaya a ƙasa:

"Rubutun waye wannan?"

Na buɗe hoton farko. Rubutuna ne, da fensir, ƙanana-ƙanana a gefen shafi. "Ina kake ranar Alhamis ɗin nan?" Na biyu: "In kana ji, me ya sa ka yi shiru?" Na uku kuwa ko ni da na rubuta sai da na runtse ido: "Yau ban tabbata kana nan ba."

Na ruga na kwance ƙarfen matsi na buɗe wanda ke ciki. Fes yake, sai jan layi da aka ja da rula a ƙarƙashin ayoyi, a miƙe kamar sahun mawaƙa. Na Mai Waƙa ne. Nawa yana gidansu, kuma ba a hannunsa ya tsaya ba. A falo ya ajiye shi, mahaifiyarsa ta ɗauka don addu'ar safe. Mahaifiyarsa kuwa ita ce shugabar zumuntar matan cocinmu, Uwar Zumunta, matar da in ta gyara zaman tabarau yara ke daina motsi a benci uku.

Dole in koma baya kaɗan don ku gane rubutun nan. Ina da yaya mace, ita ta goya ni, ita ta koya mini karatu. Shekara uku da suka wuce ciwon ƙoda ya kwantar da ita. Ikilisiya ta yi azumin kwana bakwai, mata sun cika ɗakin asibiti da waƙa, wani mai wa'azi ma ya dafa gadonta ya ce ya ga ta tashi tana tafiya. Ranar Alhamis da hantsi ta cika, hannunta cikin nawa. Daga ranar na yi wata bakwai ban yi addu'a ba. Ina zuwa coci, ina tashi in an tashi, ina zama in an zauna, bakina na motsi, amma cikina babu kowa. Babu wanda ya lura, domin ɗankwalina a ɗaure yake daidai.

Wata rana a shago ba ciniki, na ɗauki fensirin da muke sa alamar yanka da shi, na buɗe Littafina, na rubuta tambayar farko da fushi. Washegari na ƙara. Ban ankara ba sai ga ni ina karatu fiye da duk yadda na taɓa yi a rayuwata, ina neman inda zan kama Allah da laifi. A nan na tarar da mutanen da suka riga ni yi masa kuka da tambaya, kuma bai kore su ba. Wasu tambayoyin na dawo bayan wata biyu, wasu bayan shekara, na rubuta abin da na samu a ƙarƙashinsu da kwanan wata. Wasu har yau babu komai a ƙarƙashinsu. Uwar Zumunta tambayoyin kawai ta ɗauka a hoto.

Da na koma gida na tarar da Mama a falo, ta zauna a bakin doguwar kujera, ko mayafin kasuwa ba ta cire ba. Talabijin a kashe, labule a sake, hoton Yaya na ranar gama makaranta yana kallonmu daga bango. Baba yana kujerarsa ta kusa da taga da jarida a buɗe, amma na lura shafi ɗaya yake kallo.

"Zauna, Auta."

Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta.

"Naki ne?"

"Nawa ne, Mama."

"A gidan nan kika rubuta ba ki tabbata Allah yana nan ba? Ina dafa miki abinci kina ci kina rubuta wannan?"

"Shekara biyu da rabi ke nan, Mama. Ki duba ƙasan shafin, akwai abin da..."

"Ni ba ƙasan shafi aka turo mini ba." Muryarta ta karye. "Na binne ɗaya. Yanzu kuma a ce ɗayar ta ɓata tana raye?"

Wannan maganar ta soke ni, ba zan yi muku ƙarya ba. Na kama ƙafarta na ce ban ɓata ba. Ta janye, ta buɗe jakarta, ta fito da sabuwar kilina, irin farar nan ta goge fensir, ko ledarta ba a ɓare ba. Ashe har shagon kayan makaranta ta biya.

"Allah ya taimake ki da fensir kika rubuta. Jibi Asabar kwamitin aure zai zauna da ku. Ki ce ba rubutunki ba ne, na wani mai kawo gyara ne, shaguna irin naku ai littattafai na cakuɗewa. In kin ƙi wannan, to ki ce ƙuruciya ce, ki goge a gabansu, ki ba da haƙuri. Magana ta mutu, Lahadi a karanta sunanki."

"Mama, in fara aure da ƙarya?"

"Ki fara shi da hankali. Wace mace ce ke zazzage cikinta a gaban surukai?"

Na dubi Baba. Ya ninke jaridar a hankali ya ce, "Ki yi abin da za ki iya kwana da shi." Mama ta juya ta watsa masa wani kallo, ya sake buɗe jaridarsa. Kilinar dai ta kwana a jakata, domin Mama da kanta ta saka ta ta ja zif.

Tun safiyar Alhamis nake tura wa Mai Waƙa saƙo. Na farko: "Na yi kuskure, nawa na ba ka." Na biyu: "Don Allah ka kira ni." Ya karanta duka, alama ta nuna, amma shiru. Sai Juma'a da rana ya zo shago, cikin farar shat da na taɓa ce masa tana yi masa kyau, an goge ta har tana ɗaukar ido. Bai shigo ba, a bakin ƙofa ya tsaya. Baba Mai Gam ya dube shi ta saman tabarau, ya ɗauki kofin shayinsa ya ce zai je ya ga maƙwabci.

"Me ya sa ba ki taɓa gaya mini ba?" in ji shi.

"Na gwada. Ka tuna ranar da na tambaye ka ko ka taɓa yin addu'a ka ji kamar da bango kake magana?"

"Na ce miki Shaiɗan ne."

"To, shi ya sa."

Ya shafa kansa. Mai Waƙa mutumin kirki ne, kada ku tsane shi. Shi ne ya yi ta kai Baba asibiti lokacin ciwon ido, bai taɓa nuna gajiya ba. Amma mutum ne da yake son komai a jere, daga takalmansa har zuwa Allahnsa.

"Ni nake tsayawa gaban ikilisiya ina ɗaga hannu," ya ce. "Yaya zan yi in aka ce matata ba ta gaskata abin da nake rerawa ba?"

"Ka karanta Littafin kuwa? Ko hotuna kai ma ka gani?"

Ya kau da kai ya ce:

"Yana ɗakin mahaifiyata. Ta hana ni taɓawa."

"To ba ka san abin da na gaskata ba."

"Auta, ki goge kawai. Mene ne a ciki? Fensir ne fa. In kin warke, me za ki yi da tabon?"

Na ajiye allurar hannuna. Na so in yi kuka, na so in jefe shi da gwangwanin gam, duka a lokaci ɗaya. Abin da na ce kawai shi ne, "Gobe za ka ji amsata tare da kowa." Ya juya ya hau babur ɗinsa.

Yanzu ga abin da ban gaya wa kowa ba sai ku da Baba Mai Gam. Bara, Uwar Zumunta da kanta ta kawo mana nata Littafin gyara. Tsoho ne, bayansa ya rabu, kuma a tsakiya akwai shafuka kusan goma da suka manne da juna, sun yi kumburi irin na takardar da ta sha ruwa ta bushe. Kwana biyu na yi ina raba su da tururi da siririyar wuƙa. Da suka buɗe na ga rubutu da shuɗin biro, mai kwantawa gefen dama, kalma huɗu ana ta maimaitawa daga sama har ƙasa: "Me na yi maka?" Kwanan watan da ke wurin na shekarar da babban ɗanta, wan Mai Waƙa, ya rasu a hatsarin mota ne, a hanyar dawowa daga taron matasa na coci. Na ɗinke, na mayar mata. Da ta zo karɓa ta dube ni, na dube ta, ta biya ta tafi.

Kun ga ke nan ina da makami. Jimla ɗaya a gaban kwamiti ta ishe ni.

Da Baba Mai Gam ya dawo ya tarar ina zaune na zuba wa bango ido. Shekara shida muna tare, ya san ni kamar yunwar cikinsa. Na ba shi labari duka, har da abin da zuciyata ke raya mini.

Ya kurɓi shayinsa da ya riga ya huce. "Ranar da kika fara aiki a nan me na ce miki?"

"Mai gyaran littafi yana da ido, ba shi da baki."

"To." Ya jawo wani ƙamus da na gama ɗinkewa da safe, ya kama shafi ɗaya tak daga tsakiya da yatsu biyu, ya ɗaga littafin duka sama ya girgiza shi, kamar yadda yake yi wa kowane aiki kafin ya bar shagon. Shafin bai motsa ba. Ya ajiye ya ce, "Wannan ya yi. Share teburin nan, kin bar zare ko'ina."

Asabar na sa doguwar riga ruwan toka mai dogon hannu, wadda Yaya ta ɗinka ba ta samu sawa ba, na ɗaura farin ɗankwali, ban shafa komai a fuska ba sai mai. Mama ta sa leshinta na zuwa manyan taro, tana ta gyara mini wuyan riga a hanya kamar a nan matsalar take. A bakin ƙofar ofishin Fasto ta matse hannuna ta raɗa mini, "Tana jakarki."

Ofishin ƙarami ne, fanka ɗaya na juyi tana ƙara, kalandar bara har yanzu a bango. Baba Fasto na bayan tebur, dattawa biyu a gefensa. Uwar Zumunta na zaune cikin shuɗin leshi, jakarta a kan cinya, Mai Waƙa a bayanta yana kallon tayil. Littafina yana tsakiyar tebur, an saƙala masa guntayen takarda bakwai.

Bayan addu'a Baba Fasto ya ce, "'Yata, rubutunki ne wannan?"

Na ji numfashin Mama a kafaɗata.

"Nawa ne, Baba. Duka."

Uwar Zumunta ta gyara tabarau. "Ni ba na gaba da yarinyar nan. Tana da ladabi, tana da sana'a. Amma ɗa ɗaya ya rage mini. Ba zan sa shi a gidan da za a tarbiyyantar da jikokina da shakka ba. Littafin Allah ba allon wasa ba ne. Mai bi ba ya tuhumar Mahaliccinsa."

Jama'a, maganar ta zo mini har bakin harshe. Ina ganin shuɗin biron nan a idona, layi bayan layi. Na ɗago na dube ta, ita ma ta dube ni, kuma a cikin idonta na ga ta san abin da na sani. Yatsunta suka damƙe hannun jakar har suka yi fari. Ba mugunta na gani a fuskarta ba, tsoro na gani, irin wanda na yi wata bakwai ina yawo da shi a ƙarƙashin ɗankwali. Na haɗiye maganar. Ta yi ɗaci, amma ta wuce.

Ɗaya daga cikin dattawan ya ce, "Abin mai sauƙi ne. Tunda fensir ne, ta goge, ta yi addu'ar tuba, gobe a yi sanarwa."

Na buɗe jakata na fito da kilinar na ajiye a kan tebur kusa da Littafin. Mama ta sauke ajiyar zuciya. Ta yi saurin saukewa.

"Baba Fasto, ina roƙon a buɗe takarda ta uku, a karanta har ƙasa."

Ya buɗe, ya matso da shi kusa da ido. "Yau ban tabbata kana nan ba." Ya ɗan tsaya, ya bi shafin da yatsa zuwa ƙasa. "Akwai wani, bayan wata goma sha ɗaya. 'Na lura tun da na fara faɗa da kai ban fasa zuwa ba ko kwana ɗaya. Mutum ba ya faɗa da wanda ba ya nan.'"



Na ce, "Baba, lokacin da ban rubuta komai ba, lokacin ne ba ni da bangaskiya, kuma a lokacin kowa na yaba mini. Ina zaune a benci na biyu ina waƙa, alhali na daina yi wa Allah magana. Tambayoyin nan su ne addu'ata ta farko bayan Yaya. Ta nan na dawo. A shagonmu ba ma ba da littafi sai mun kama shafi ɗaya mun girgiza shi. Wanda gam kawai ya riƙe, ya fi kowanne kyau a ido, amma a hannu yake zubewa. Nawa an girgiza shi, Baba, bai zube ba. Na gaskata Yesu ya mutu ya tashi, na gaskata Yaya tana wurinsa. Yau in aka ce in faɗa a gaban kowa zan faɗa, kuma ba haddar makarantar Lahadi zan maimaita ba."

"To ki goge na saman ki bar na ƙasan," in ji dattijon.

"In na goge tambayar, amsar ta zama ta wa? Kuma akwai waɗanda ba su da amsa har yanzu. Na shafin ƙarshe ma ba a saƙala masa takarda ba, gara in faɗa da bakina. Na rubuta, me ya sa Yaya, ba ni ba? Ban sani ba. Wataƙila ba zan sani ba sai na gan shi. Amma ina jira ne a gabansa, ba a bayansa ba."

Mama ta fara kuka ƙasa-ƙasa. Ni kuwa na juya wajen Mai Waƙa, domin shi na zo aura ba kwamiti ba.

"Ina son ka, ka sani. Amma in sai na goge wannan za ka aure ni, to wata za ka aura mai kama da ni. Ba zan goge ba."

Ya ɗago. Idonsa ya yi ja. Bakinsa ya buɗe, ya dubi mahaifiyarsa, ya rufe.

Baba Fasto ya daɗe yana juya shafuka, yana karanta waɗanda ba a saƙala wa komai ba. Daga ƙarshe ya rufe ya ce shi bai ga abin tuba a nan ba, amma aure ba a ɗaura shi a kan zuciyar da ba ta kwanta ba, don haka za a dakatar da sanarwa sai iyalan biyu sun daidaita. Kafin in miƙa hannu, Uwar Zumunta ta ɗauki Littafina ta saka a jaka. Ta ɗauki kilinar ma.

"Zai zauna a wurina tukuna," ta ce, ba ta dubi kowa ba.

Na so in ce nawa ne. Baba Fasto ya yi mini alama da ido, na yi shiru. A hanyar gida Mama ba ta ce mini uffan ba, sai da muka kai ƙofa ta ce, "Kin kyauta," irin kin kyautar da ta fi mari zafi.

Lahadi na je coci. Mama ta ce in zauna a gida kada a yi ta kallona, na ce ai ba don sanarwa nake zuwa ba. Na zauna a bencina na biyu da Littafin Mai Waƙa mai jan layi a cinyata. Magatakarda ya karanta sanarwar taron dattawa, ta gyaran rufi, ta auren wasu, ya ninke takarda. Na ji wuyan mata na juyowa ɗaya bayan ɗaya. Mai Waƙa ya ɗaga hannu mawaƙa suka tashi, kuma karo na farko tun da na san shi ya shigar da su kafin lokaci, sai da suka sake farawa. Na yi waƙar da dukan muryata. Ta yi zafi, amma kowace kalma da na rera tawa ce.

Da yamma na ga alamar yana rubuto mini saƙo. Ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa, ta ɓace. Babu abin da ya shigo. Na kife wayar na je na taya Mama wanke-wanke.

Abin da ya fi damuna ba shirunsa ba ne, kilinar nan ce. Duk inda na juya sai in ga Uwar Zumunta zaune a ɗakinta tana bin shafukana ɗaya bayan ɗaya tana hure garin roba. Shekara biyu da rabi na maganata da Allah, ba ni da kwafinta a ko'ina.

Yau Litinin na isa shago ƙarfe takwas. Baba Mai Gam ya riga ni, yana dama gam a gwangwani. Ya nuna teburina da haɓa.

"Wata ta zo tun ban gama buɗe ƙofa ba. Ta ce a ba ki hannu da hannu."

"Wace ce?"

"Ina da ido," ya ce, ya ci gaba da damawa.

Baƙar leda ce an ƙulle bakinta. Na kwance. Littafina ne, an cire guntayen takardun nan bakwai. A kansa ga kilinar Mama, a cikin ledarta, ba a ɓare ba.

Na buɗe tsakiya. Rubutuna na nan. Na buɗe gaba, na buɗe baya, ko ɗigo ba a taɓa ba. Sai na lura an mayar da jan zaren alama can shafin ƙarshe, inda na rubuta me ya sa Yaya, ba ni ba. Shekara biyu da rabi ƙarƙashin tambayar nan fari ne fat. Yau akwai rubutu, da shuɗin biro, mai kwantawa gefen dama. Ko cikin dubu zan gane shi, ni na raba shafukansa da tururi.

"Shekara ashirin da biyu nake tambayar irin wannan, ban taɓa faɗa wa kowa ba. Kin iya tona ni, ba ki yi ba. Kada ki goge. Ki zo gida ranar Laraba da yamma, ke kaɗai. Zan sa ɗana ya zauna, akwai Littafin da ya kamata ya gani, kuma ba naki ba ne."

Na karanta sau uku a tsaye. Sannan na zauna, na jawo fensirin alamar yanka, na fiƙe shi da wuƙar aiki, na rubuta kwanan watan yau a ƙarƙashin rubutunta.